Zanen Fuskar Iya

A Birnin Kudu na tashi, zamanin da ake rufe ƙofar gari tun rana ba ta faɗi ba don tsoron mahara daga Ningi. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ita ke tara mu bayan isha'i. In sanyi ya shigo sai ta hura wutar kara a tsakar ɗakinta, ta ɗauki mazari tana kaɗi, mu kuma muna gasa ƙafa. Masifaffiya ce ta gaske, amma in ta buɗe baki ko tari ba ma yi.

Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya. Ita wannan ba ta kallon kowa in tana yinta.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna," haka take buɗe tatsuniyar.

Wai wata mata ce ta ɗora sanwa, ta ga itace ba zai isa ba. Ta sauke 'yarta daga baya, ta miƙa wa maƙwabciya, ta ce, "Riƙe min ita, yanzu zan dawo." Tana cikin duwatsun bayan gari hadari ya taso, sai ta fake a kogon nan mai zanen jajayen shanu marasa tozo, waɗanda ba a san mai zana su ba. Tana tsaye tana jin numfashin shanu a ƙeyarta, amma ba ta waiwaya ba. Ruwa na ɗaukewa ta suri itacenta ta yi gida da sauri, kada tukunya ta ƙone. Sai ta tarar da ƙatuwar kuka a inda murhunta yake, wata tsohuwa tukuf na zaune a gindinta. Matar ta durƙusa ta ce, "Sannu Kaka, ko kin ga 'yata?"

A nan Iya take tsayawa. Mu yi ta magiya, me tsohuwar ta ce? Sai ta ce, "Ku tashi, wuta ta mutu," ga wuta kuwa tana ci. Ni takan riƙo ni, ta ɗora yatsana a kumatunta. "Ke mai ido, duba min. Har yanzu ana gane zanen?" Tsagar gidansu ce, amma fatar ta yamutse ta haɗiye ta. Nakan ce ana ganewa don ta sake ni, saboda hannunta sanyi ƙalau, tsoro yake ba ni.

Sai da aka kai ni gidan miji a Gwaram wata goggona ta warware mini. Ashe uwar Iya ce ta fita itace tun Iya tana goye, a wata shekara ta yaƙi, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Kowa ya san masu kamen bayi ne suka tafi da ita. Iya ce kaɗai, a cikin ranta, ta ajiye uwar a kogo tana jiran ruwa ya ɗauke. Dawowarta ba ta taɓa shakka ba. Abin da ke cin ranta shi ne kada uwar ta dawo ta kasa gane ta.

Wata damina aka aiko cewa jikin Iya ya yi tsanani. Muka taho a ƙasa, dab da gari ruwa ya yi mana duka. Na faɗa ɗakinta a jiƙe sharkaf. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona, sannan ta juya kumatunta wajen hasken ƙofa. Da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba ta ce, "Inna, kin gane ni?"

Na ji kamar in fita da gudu. Sai na durƙusa, na shafa fuskarta, na ce, "Na gane ki mana. Ruwa ne ya tsare ni."

Ta yi ajiyar zuciya irin ta jaririn da ya ƙoshi, barci ya ɗauke ta. Ba ta farka ba.

Yau na kai shekarunta, kuma har yanzu in na tuna sai tausayi da tsoro su kama ni tare. Mu muna ganin tsohuwa mai 'ya'ya da jikoki, ashe duk tsawon rayuwar nan a wurinta ɗan jira ne a hannun maƙwabciya.