Matar da Ta Hana a Faɗa

Tun da aka fara wasan besbol ɗin nan, na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, Orville mai aski bai ga matar da ke gefensa ta zauna wuri ɗaya ba. Doguwa ce siririya, hularta a karkace, safar hannunta duk ɗinki. Tana miƙewa tana zama, tana ɓare gyaɗa tana zubar da ƙwayar ba ta sani ba. Idonta na kan allon maki, inda sifili ya jeru a gaban sunan ƙungiyar baƙi.

Lasko, mai jefa wa 'yan gida ƙwallo, ya kwana biyu. Bana alƙalumansa a jarida sun zube, har ana raɗe-raɗin sallamarsa. Amma yau wasa ya zo ƙarshe, babu baƙon da ya doki jifarsa ya sha. Kowa ya lura, kuma kowa ya san ba a faɗa, don da an furta sa'a ta gudu.

Wani ƙato ya juyo yana washe baki. "Baiwar Allah, kin san har yanzu babu wanda..."

Ta toshe masa baki da tafinta. "Ci gyaɗarka, malam."

Matar Lasko ce? Yadda take murza zoben aurenta, Orville na zargin ta riga ta ɗaure kayansu a gida.

Saura baƙo ɗaya Lasko ya fitar, wasa ya tashi. Jama'a suka miƙe, ita kuwa ta zauna, ta rufe ido, ta kama hannun rigar Orville.

"Kalla mini," ta ce. "Amma kada ka gaya mini."