Yadda Noelene ta zubar da kofin wasan haruffa

Har yau in aka ambaci Noelene Pascoe a garin Scottsdale, sai wani ya yi murmushi ya tuna gasar da aka yi a birnin Launceston. A wasan ƙarshe na jera haruffan Turanci a kan allo, tana gaba da maki hamsin, ta ajiye wata 'yar kalma mai harafi uku. Abokin karawarta, wani likitan haƙori daga birnin Hobart da ya haddace kalmomi dubbai ba tare da sanin ma'anarsu ba, ya yi suɓutar baki ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Shi ke nan. Noelene ta manta ba ta danna agogon da ke ƙirga mata lokacin wasa ba. Ta gyara zama ta shiga bayani: ai gashin tunkiya ne na wajen wutsiya, wanda kashi ya dunƙule a jikinsa, ga yadda ake kama tunkiyar, ga yadda ake datse shi. Har da kwatance da hannu. Lokacinta ya ƙare tana kan magana, aka yi ta zabge mata maki goma a kowane minti, kofi ya tafi Hobart.

Merv Tranter ne kaɗai bai ga wauta a ciki ba, domin kalmar tasa ce.

Shekara arba'in Merv ya yi yana askin tumaki. Shekara guda kafin gasar jininsa ya hau, ya faɗi a bakin garke, ɓarin jikinsa ya shanye. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo, amma kalmomi suka ƙi. Ya san buta, yana kallonta, sunanta ya ɓace. 'Yarsa Raelene ta ce, "Baba, in ba ka iya ɗaga waya ka faɗi abin da ke damunka ba kafin Kirsimeti, gidan kula da tsofaffi zan kai ka. Ba zan bar ka kai kaɗai a gona ba."

Sai ga Noelene ranar Talata da jakar haruffa da kek ɗin kwakwa. Shekara talatin ta yi tana dafa abincin makarantar firamare, ba ta saba a ce mata a'a ba. Dokarta ɗaya ce, wadda ta daɗe tana gundurar 'yan kulob ɗinsu na wasan haruffa da ita: ba a ajiye kalma sai an faɗi ma'anarta.

"Ba na karɓar nuni da yatsa, tsohon nan," ta ce. "Baki na ce. Shayinka zai huce, ni ba inda za ni."

Wata biyu Merv yana zufa a kan kalmomi irin su kare da rana da madara. Ran nan ya jera haruffa uku da Noelene ba ta taɓa gani ba.

"Ƙirƙira ka yi, maƙaryaci."

Ran Merv ya ɓaci. A yi masa musu a kan tumaki? Bai san lokacin da bayani ya ɓalle masa ba, yana sarƙewa yana tashi, har ya kai wutsiya. Noelene ta duba ƙamus, ta ga kalmar, ta rufe, ta tura masa wayar gidan. Ya kira Raelene, ya maimaita mata duka. Raelene ta yi ta kukan murna a kan kashin tumaki. Merv yana gonarsa har yanzu, shi da karensa.

Makon da aka dawo daga gasar, a zauren kulob, shi ya fara tsokana, a hankali amma ba gargada.

"Hajjaju mai ƙamus! An aike ki ɗauko kofi, kin tsaya koya wa mai cire haƙori askin tumaki?"

Noelene ba ta ko ɗago daga haruffanta ba.

"Ku ji min mutum. Wanda bara bai iya cewa buta ba, yau shi ke min tsiya da doguwar magana. Su riƙe kofinsu, Merv. Sake faɗa in ji."