Tafintan Mai Tambaya

Malam Ubale ya zo Greensboro ta Amurka a 1994 don a yi masa aikin ido, ya sauka gidan ɗansa Muzammil. Shekara talatin ya yi yana koyarwa a firamare. Kafin nan, yana saurayi, ya yi wa wani Bature mai binciken al'adu tafinta a garinsu, a ƙasar Zazzau. Mai Tambaya ake kiran Baturen, don gida-gida yake bi yana rubuta asalin kowa. Daga baya Baturen ya wallafa littafi.

Wata Asabar da hantsi Hanifa ta yi sallama, ɗaliba 'yar garinsu mai digiri na biyu a jami'a. Ta shigo da littafin da rakoda. Bayan gaisuwa ta buɗe shafin da aka zana zuriyar gidansu, ta ce a kansa ta gina bincikenta, ga uban kakanta nan, malamin da ya zo daga Barno. Ta tambaye shi abin da ya sani game da malamin.

Malam Ubale ya dubi shafin. Babu wani malami daga Barno. Shi ya ƙirƙire shi ranar da kakan Hanifa ya ja shi bayan rumbu, ya roƙe shi kada takardar Bature ta nuna cewa ubansa bawa ne kamamme da aka kawo daga kudu.

Rakoda na juyawa. Ya nemi ruwa, ya sha, ya koma yi mata labarin keken Baturen. Ta saurara da ladabi, ta sake dawo da tambayar. Wanda ya yi wa alkawari ya daɗe a ƙasa, ita kuwa za ta tsaya gaban malamanta ta kare ƙaryarsa.

"Kashe wannan abin, 'yata."

Ta kashe. Ya gaya mata komai, idonsa a ƙasa. Ya ɗauka tashi za ta yi ta fita, sai ya ji ta yi tambaya.

"Baba, mene ne sunansa?"

"Shekari. Maƙeri ne, garinmu kaf babu kamarsa."

Wata biyu ba ta leƙo ba. Ana saura kwana uku ya koma gida ta dawo, ta ce ta canza taken bincikenta, mahaifinta kuma ya daina ɗaukar wayarta. Ta zauna, ta ce ya fara mata daga ranar da Baturen ya sauka garinsu.