Baba Yohanna Ya Tafi, Jingata Tana Nan Tsaye

Da safen nan ina bakin gona aka kira ni a waya: Baba Yohanna ya rasu.

Dattijo ne a ɗan cocinmu na Haɗeja. Shi ya ba ni irin shinkafa shekarar da na fara noma a fadama, kuma ko kwano ɗaya ya ƙi karɓa bayan girbi.

Riga biyu na san shi da su. In mun tsokane shi sai ya yi dariya ya ce ai jikinsa ɗaya ne.

Amma ba yabo kaɗai ya sa na yi rubutun nan ba. Tsoro nake ji.

Tsakanin gonata da tasa akwai wani kwari da ba a nomawa. Ya ce tun zamanin kakanni, kafin zuwan Turawa, aka bar shi domin in kogi ya cika ruwa ya samu hanya. Bana na shigar da kwarin cikin gonata, na yi jinga na tare shi.

Ranar Lahadi bayan sujada ya biyo ni har can, yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallon jingar.

Ya ce, "Ɗana, Yesu abincin yini ya koya mana mu roƙa. Kai na shekara nawa kake nema?"

Na ce, "Baba, zamani ya canja."

Ya ce, "Ruwa bai canja ba. In ka hana shi nan, gonar wani zai shiga."

Bai ce tasa ba, alhali tasa ce a ƙasa. Ni kuwa na juya ina duba waya. Rabuwarmu ke nan.

Yau kogi ya ƙaru, hadari kuma ya haɗo ta gabas. Shinkafarsa ba ta nuna ba, ita kaɗai ya bar wa matarsa, Mama Rahila. In na fasa jingar, rabin nomana ya tafi. In na bar ta, gwauruwa za ta kwana da yunwa saboda ni.

Na ɗauko fartanya. Kafin a kai Baba makwancinsa zan fasa jingar, Allah ya sa ban makara ba.

Ubangiji ya ba Baba hutawa, ya ta'azantar da Mama. Ku yi musu addu'a. Ni ma ku sa ni ciki, don har yanzu zuciyata tana ce mini in jira gobe.