Sunan Umma a Ƙarƙashin Fiffiken Buzuzu

Babanmu ba ya son a tambaye shi aikinsa. In an matsa sai ya ce, "Bincike," ya sunkuyar da kai. Gaskiyar ita ce buzuzu yake kamawa, mai gungura kashin shanun nan. Kuma ba ma buzuzun ne ya dame shi ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne, dangin kaska, da ke maƙalewa a ƙarƙashin fiffikensa. Su yake tsincewa da allura, ya ɗora a gilashi, ya leƙa ta madubin ƙara girma yana duba gashin ƙafafunsu, don ya raba wannan iri da wancan. A haka ya tsufa, har idonsa na dama ya ƙanƙance.

Sai Allah ya ba shi wani iri da ba wanda ya taɓa gani. A sana'arsu wanda ya gano shi ke raɗa suna, kuma sukan sa na wanda suka fi ƙauna. Baba, bawan Allah, ya sa na Umma. Ko shawara babu!

Da ya faɗa mata su biyu, da sauƙi. Ina! Sai da ƙannenta suka cika falo ya fito da hoton, wata aba mai ƙafa takwas, yana ta murmushi. Autarsu ta ce, "Yaya, a ina take zama?" Ya faɗa. Wallahi har da mai faɗowa daga kujera don dariya. Umma ta shige kicin ta rufo ƙofa.

Daga ranar ta zama Kaskar Buzuzu a bakinsu, marasa ta-ido. Baba ya nemi a janye sunan, aka ce in an buga an buga, ba a gogewa. Kunya ta ishe shi. In sun zo, ɗaki yake shigewa har su tafi.

Da ya yi ritaya, ni da Umma muka je taya shi kwashe kaya daga ofis. Ta tsaya gaban madubin.

"Malam, ina abar take?"

Ya saka mata gilashin. Ta daɗe a sunkuye.

"Ba ta da kyau," in ji ta.

"Ki yi haƙuri. Duk rayuwata ita kaɗai na samu. Ba ni da wani abin da zan ba ki."

Umma ba ta ɗago ba. Can na ga ta kama gefen mayafinta tana goge bakin madubin, wai ya yi hazo.