Labbo da Maigidansa Dage

Da za a maido mini rana guda in gyara, ranar da na ƙone sanyar Labbo zan zaɓa.

Ku mutanen Faru kun san marigayi Labbo, amma ba ku gan shi a bakin aiki ba. Tare muka yi gyaran layin dogo wajen Ƙaura, ni ne heluman leburori. A gefen layin akwai ramin dage, dabbar dawan nan, a gindin wata sanya, itacen da ake kira uwar magunguna, wanda masu tonon saiwa sun kusa ƙarar da shi a dajin. Kullum da safe Labbo zai durƙusa bakin ramin: "Maigida, an tashi lahiya? Ina gajiya? Ina iyali?" Har dakatawa yake a amsa masa!

Ran nan na ce a cike ramin da tsakuwa. Labbo ya shimfiɗa buzunsa a kai ya zauna.

"Labbo, tashi!"

"Heluma, ka yi sallama da mai gidan?"

"Dabba ce fa!"

"Ta riga jirgi zuwa nan. Jirgin ma sai ya yi kuka yake wucewa."

Wata rana ya ɗaure jar tutar tsai da jirgi a jikin sanyar. Jirgi ya tsaya, injiniya ya sauko a guje: "Me ya lalace?"

"Ba komi, ranka shi daɗe. So nike kada shi lalace."

Da Labbo ya tafi Faru taron suna, na sa aka ƙone ciyawar gefen layi. Share kewayen itacen ba zai kai rabin sa'a ba, amma na ƙi, don in nuna ni ne heluma. Sanya ta ƙone, dage ya yi ƙaura. Kafin damina macizan da yake cinyewa suka cika mana ƙarƙashin katakon layi.

Labbo ya dube ni: "Ka sallami maigadi, ga baƙi sun iso. Tarbe su."

Bai ƙara maganar ba har ya rasu, ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Guntun saiwar da ta tsira ya ɗauko a cikin butarsa. Ita ce sanyar da ke bayan gidansa yanzu.

Allah ya jiƙan Labbo, ya yafe mini. Ku kuma, in aiki ya kai ku bakin rami ko gindin itace, don Allah ku duba wa ke ciki kafin ku ƙyasta ashana.