Ƙararrawar Inna Tela

Shekara talatin da huɗu Inna Tela ta yi a kan keken ɗinki, kuma duk layin sun san hannunta ba ya barin abu ya taɓa ƙasa. Almakashi ne, allura ce, ko alli, in ya zame daga tebur, caraf ta cafe shi ba tare da ta ɗago kai ba. Da wannan take yi wa ƙanana teloli gori.

Bara ne ta tsiri koyon liƙi da dalma. Ba wani dalili, sha'awa ce kawai. Mai gyaran rediyon bakin layi ya ba ta tsohon ƙarfensa na narka dalma, ya nuna mata yadda ake gasa ƙafar waya kafin a kawo dalmar, ya kuma hana ta lasar bakin dalmar kamar zare, don sau biyu yana kama ta. Ta haɗa 'yar fitila mai ƙyaftawa, ta haɗa wata. Mijinta, tsohon direba, ya riƙa tsokanarta wai injiniyar gidan nan sai ta ƙona musu katifa hankalinta zai kwanta.

Sai ciwo ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da muryar. Ranar Talata ya zamo daga gado, ya kusa awa guda a ƙasa, ita tana falo keke na ta ƙara, ba ta ji komai ba. Babban ɗansu da ya ji labari bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi Asabar da la'asar zai zo ya ɗauki Baba ya koma da shi gidansa, inda akwai masu ji. Ita kuwa ta san mijinta. A raba shi da ɗakin nan, an gama da shi.

Ƙararrawar kasuwa da ta sayo don ya riƙa kiranta, madanninta ya yi masa tauri. Don haka ta ce sai ta haɗa tata, ta ɗauko ɗan koren allon da ake liƙa wayoyi a kai, da batir, da wani madanni mai laushi mai faɗin murfin kwalba, ta jawo tebur bakin gadonsa ta zauna. Ga Asabar ta zo, azahar ta wuce. Liƙi goma sha biyu ne, ta yi goma, uku daga ciki sai da ta warware don sun fito dusu-dusu kamar busasshen tuwon ƙasa, kuma mai rediyo ya ce liƙin da ba ya sheƙi ƙarya ne. Gumi na bin bayanta. Tsoro take ji, tsoro sosai.

Ta miƙa hannu za ta ɗauko almakashi, gwiwar hannunta ta ja wayar ƙarfen. Ƙarfen ya zame daga tebur.

Sau nawa mai rediyo ya faɗa mata in ya faɗi ta bar shi ya faɗi? Ina! Hannun bai tambaye ta ba. Caraf, ta cafe shi ta wajen wutar.

Ba ta yi ihu ba, don kada ta firgita mara lafiya. Ta sake shi, ta ruga ta tsoma hannun a bokiti, hawaye na zuba. Yatsu uku na dama sun tashi fari tas. Ta naɗe su da ƙyallen atamfa ta dawo. Agogon bango ya ce saura minti ashirin, kuma ɗan nan ba ya latti, halin ubansa ne.

Ta ɗauki ƙarfen da hagu. To wa zai riƙe dalmar? Ta gwada da naɗaɗɗen hannun, dalmar ta suɓuce. Ta sake, ta sake suɓucewa. Tana shirin kifa kai a tebur sai ta ji ana jan zanenta. Tsohon direban nata ne, ya miƙo hannunsa mai lafiya.

"Malam, rawa hannunka yake yi," ta ce.

Ya kalli nata hagun da ke kyarma, ya ɗaga gira. Ta saka masa dalmar.

Na farko ya zama tuli, mummuna, amma yana sheƙi. Suna kan na biyu aka ji tsayuwar mota. Ta gasa ƙafar wayar tana ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya turo dalmar, ta narke ta kwanta. Ta cire ƙarfen daga wuta, ta saka batir, ta tura madannin ƙarƙashin tafinsa. Ba lokacin gwaji. Ta ɗauki ƙararrawar mai doguwar waya ta fita falo, ta ɓoye hannun cikin mayafi.

Ɗan ya gaishe ta a tsaye, ya tambayi jakar Baba. Ta ce ya zauna tukuna, Baba zai kira. Ya dube ta da tausayi, abin da ya fi ƙona mata rai. Minti ɗaya. Biyu. Shiru. Ya miƙe.

Sai ƙarar ta tashi, siririya mai huda kunne, ta ƙi tsayawa.

Suka shiga tare. Ɗan ya durƙusa ya ce, "Baba, me kake so? Ruwa?"

Tsohon ya girgiza kai. Ya ɗaga yatsa daga madannin, ya nuna mayafin matarsa, ya yi ta nunawa har ɗan ya janye shi ya ga hannun.

Ɗan ya kwance ƙyallen ya ga yatsun. Sannan ya ajiye makullin motar a kan tebur, kusa da dalmar, ya tambayi inda take ajiye maganin ƙuna.